Yadda ake ƙera bindigar mutum-mutumi a Blender ba tare da gefunanta sun karkace ba

Kusan duk yaron da ya zo wurina koyon Blender, manhajar ƙera siffofin 3D a kwamfuta, a Tudun Wada, abin da yake fara nema shi ne bindiga, irin wadda ke maƙale a dantsen mutum-mutumi a finafinan yaƙin sararin samaniya. Kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke tuntuɓe. Ba zan tsaya koya maka juya kyamara ko matsar da abu da G, R da S ba, na ɗauka ka wuce nan.

Kafin ka buɗe kwamfuta, hau Keke ka je Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, da wayarka. Ɗauki hoton kan injin babur mai haƙarƙari, da bututun da ke ɗaga bayan tifa, da tsohuwar radiyeta. Duba inda maƙera ke sa kusoshi da inda ƙarfe ke yin kauri. Makamin da babu shi a duniya ma sai ya yi kama da abin da hannu ya ƙera kafin ido ya yarda da shi. Sannan ka yanke abu uku a takarda: ina yake manne da hannun, ta ina wuta ke shigarsa, ta ina zafi ke fita.

Da ka buɗe Blender, fara ajiye hannun, ko da silinda ce kawai. Akwatin nan da manhajar ke ba ka tun farko mita 2 ne ta kowane ɓangare, yawancin masu koyo ba su san haka ba, shi ya sa suke ƙera bindiga mai girman bas. Ni idan mutum-mutumin mita 3 ne, ina ba bindigar kamar mita 1.2. Da Shift+A ka jera akwati na jiki, silinda na baki, wani ƙaramin akwati na batir. Danna 3 a maɓallan lamba na gefe ka kalle ta daga gefe. Idan kwamfutarka ta cinya ce marar waɗannan maɓallan, kunna Emulate Numpad a Preferences. In siffar ba ta burge ka ba tun tana haka tsirara, kwalliya ba za ta cece ta ba.

To ga inda ake faɗuwa. Ka ja akwatin da S da Y a Object Mode ya yi tsawo, ka matse shi da S da X, sannan da S da Z. A idonka ya zama jikin bindiga. A wurin Blender kuwa har yanzu akwatin nan ne mai mita 2, an dai ce a nuna shi a miƙe. Danna N ka duba Scale, za ka ga abu kamar 0.1, 0.6, 0.15. Duk abin da ka ɗora a kai daga baya, a kan wannan lissafin zai bi. Ka sa Bevel don ya dakushe kaifin gefe, sai ka ga gefe ɗaya ya yi faɗi kamar bakin faranti, ɗayan kuma siriri kamar zare. Ni kwana uku na yi ina zargin kwamfutata, har na sauke manhajar na sake sawa da datar da ba ni da ita, ashe maganin maɓalli biyu ne: Ctrl+A, ka zaɓi Scale. Lambobin su koma 1, 1, 1. Yi haka ga kowane yanki, duk lokacin da ka ja shi a Object Mode. Ban yarda ɗalibina ya taɓa Bevel ba sai na ga ɗaya uku a jere. In kuma ka ga lamba mai alamar ragi, wato ka juya abin ta baya, to bayan Ctrl+A shiga Edit Mode da Tab, zaɓi komai da A, danna Shift+N don fuskokin su kalli waje.

Yanzu jera gyare-gyaren a shafin mai alamar sifana, kuma jerin yana da muhimmanci: Mirror a sama, Boolean a tsakiya, Bevel a ƙasa. Mirror zai sa ka yi rabi ɗayan rabin ya bi. Bevel ka ba shi kamar 0.004, Segments 2 ko 3. Wannan ɗan dakushin shi ke kama haske ya sa abu ya yi kama da ƙarfe.

Ramukan fitar zafi da Boolean ake yanka su. Yi ɗan siririn akwati, sa masa Array ya zama shida, shi ma yi masa Ctrl+A, ka nutsa shi cikin jikin, ka zaɓi Difference. Nan ma akwai tarko. Idan yankan ya matso bakin gefe sosai, sai ka ga dakushin bindigar gaba ɗaya ya ɓace. Clamp Overlap ne ya jawo, yana rage faɗin ko'ina don ya dace da wuri mafi ƙunci. Kar ka yi saurin kashe shi, matsar da abin yankan ka bar tazarar da ta fi faɗin Bevel ɗin. Kuma kar ka danna Apply a kan Boolean sai ranar ƙarshe, ɓoye masu yankan kawai. Za ka ji ana zuga HardOps da BoxCutter, ƙarin kayan aikin yanka da ake ɗora wa Blender, suna da kyau, amma da dala ake saye. Bool Tool kyauta ne, kuma ya ishe ka shekara guda.

Kwalliya kuma kar ka watsa ta ko'ina kamar barkono a kan tsire. Tara ƙananan abubuwa wuri biyu, wajen mahaɗa da wajen batir, ka bar sauran jikin sumul. Kusa ɗaya za ka ƙera, ka kwafe ta da Alt+D, kwamfuta ba za ta yi nishi ba. Wayar wuta kuwa Bezier ce, wato layi mai lanƙwasa, ka ƙara mata kauri da Depth a ƙarƙashin Geometry, ta taso daga batir ta shige gwiwar hannu.

Launi ba wuya. Metallic 1, Roughness wajen 0.4, baki da 'yan layuka ka ba su Emission shuɗi ko ja, kar ya wuce wuri uku. Gwada fitar da hoton da Eevee mai sauri, Cycles mai nauyi sai dare in wuta ta zauna. Mayar da origin ɗin bindigar, wato ɗigon da take juyawa a kai, daidai mahaɗa, zaɓe ta, riƙe Shift ka zaɓi hannun, Ctrl+P don ta manne da shi. Juya hannun ka gani ko tana bi ba tare da ta shige cikin kafaɗa ba. In an ɗauke wuta batirinka ya mutu kafin Ctrl+S, shiga File, Recover, Auto Save, manhajar na ajiye kwafi duk minti 2.