Telar Jos, ga yadda za ki mayar da masoyan jarumai kwastomominki

'Yan uwana masu ɗinki, kun lura kwastoma ta daina tambayar katalog? Yanzu waya take miƙo miki ta ce irin wannan nake so, kina dubawa ki ga hoton wata jaruma ce ko 'yar TikTok, kuma yawanci ba ita ta nemo shi ba, a guruf ɗin masoyan jarumar aka tura, wannan ta tura wa waccan har ya iso shagonki a Dilimi. Masoyan nan su ke yanke abin da za a yi yayi, mu dai keke muke takawa.

Manyan kamfanonin Faransa sun riga mu ganewa. Louis Vuitton ya ɗauki mawaƙan Koriya na BTS jakadunsa a 2021, Dior ya ɗauki Jimin ɗinsu a 2023, ba don sun fi masu tallan kaya iya taku ba, don dai bayansu akwai miliyoyin masoya da za su yaɗa hoto kyauta cikin dare ɗaya. Haka Hugo Boss na Jamus ya yi da Khaby Lame a 2022, ɗan TikTok ɗin da ko magana ba ya yi a bidiyonsa. Mu ma a gida ai mun ga yadda jar hula ta samu kasuwa saboda Kwankwasiyya.

To ki fara da zaɓen wadda za ta saka ɗinkinki, kuma don Allah kar yawan mabiya ya ruɗe ki, ana sayensu da kuɗi. Ki zauna ki karanta abin da mutanenta suke rubutawa a ƙasan hotunanta na wata guda. In duk "masha Allah" ne da hoton zuciya, kyanta suke kallo ba kayan ba. In kika ga ana cewa wa ya ɗinka miki, nawa ne yadin, akwai kalar ruwan toka, to waɗannan masu saye ne. Wallahi ɗalibar Jami'ar Jos da 'yan ajinta da ƙawayen unguwa ke kwaikwayon shigarta ta fi miki amfani a kan babbar jarumar da za ta caje ki kuɗin hayar shagonki na shekara ta saka kayan sau ɗaya.

Ku yi magana a rubuce ko a WhatsApp ne: hoto nawa, wace rana, za ta saka sunan shagonki a jikin hoton, kayan nata ne ko za ta dawo da su.

Inda na fi so ki tsaya shi ne yadi. Ni abin ya taɓa faruwa da ni, na ɗinka wa wata yarinya mai masoya doguwar riga ta atamfa mai ganye kore da ruwan ƙwai, ta saka da yamma, kafin na yi sallar isha'i wayata ta cika da oda, washegari da sassafe na shiga kasuwar Terminus mai shagon yadin ya ce turmi biyu suka rage. Na aika Kantin Kwari a Kano aka samo mai kama da ita amma korenta ya fi duhu, na ɗinka na aika. Masoyan suka jera hoton tauraruwarsu da abin da na kawo musu suka yi ta turawa junansu cewa na yaudare su, abin ya yi min ciwo sosai don ban yi niyyar cutar kowa ba. Masoyi ba mai kama yake nema ba, ainihin wanda gwanarsa ta saka yake so. Don haka kafin a saki hoto ki tabbata kin ajiye turamen da za ki iya, ko ki sa dillalinki ya riƙe miki, in ya ƙare ki fito fili ki ce ya ƙare. Kuma kar ki sa almakashi sai an ba ki kafin alƙalami, zumuɗin masoya kwana uku ne, wata za ta yi oda yau jibi ta ga wani hoton ta manta da ke.

Sai batun sutura. Mutanen da ke ɗaga ki su ne ke juya miki baya in suka ga an wuce gona da iri. Kowa ya tuna Nuwamban 2020 da Rahama Sadau ta saka hotunan rigar da bayanta ke buɗe, surutu ya tashi har ta goge ta ba da haƙuri. A wancan watan dai Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da ta yi suna a Amurka tana tallan kaya da hijabi, ta sanar a Instagram ta bar harkar saboda ana taɓa mata addini. Ki ce a nuna miki hoton kafin a sake shi, ki duba wuyan rigar da zaman mayafin, sunanki ne a jiki.

Wurin hoto kam Allah ya hore mana, duwatsun Shere da safe kafin rana ta yi ƙarfi suna fito da kalar shadda da leshi fiye da fitilar situdiyo. In lokacin hunturu ne ki tafi wa mai saka kayan da rigar sanyi ta riƙa yafawa tsakanin ɗauka, sanyin Disamba a Jos ba wasa ba. Hoton kayan Sallah kuma a sake shi tun kafin azumi ya raba, don ki samu lokacin ɗinki da kai wa tashar Bauchi Road a tura wa na nesa.

In masoyan wannan jarumar da na waccan suka kaure da faɗa a kan wa ta fi iya ado, kar ki saka baki ko da alamar dariya ce, dukkansu biyu suna da kuɗin ɗinki. Wadda ta saya ta turo miki hotonta ki nemi izininta ki saka a shafinki, ƙawayenta na gani za su biyo.