Yadda za ka rage cinyewar guringuntsin gwiwa idan amosanin gaɓɓai ya kama ka

Da yawa suna ɗauka guringuntsin gwiwa yana sudewa ne kamar tayar mota, wato tsufa da yawan tafiya kawai. Abin ya wuce nan. Jikin ne da kansa yake fitar da wasu sinadarai masu aikin almakashi, waɗanda likitoci ke kira enzayim, su riƙa yanka guringuntsin daga ciki.

Guringuntsi saƙa ce. Zarenta shi ne kolajin, a tsakanin zaren kuma akwai wani abu mai suna agirikan da ke riƙe ruwa kamar soso. Enzayim ɗin ADAMTS-5 shi ke fara cin soson, MMP-13 kuma ya biyo baya ya tsinke zaren. Soson jiki na iya mayar da shi, amma zaren in ya tsinke, to shi ke nan. A 2005 an nuna cewa ɓerayen da aka hana jikinsu yin ADAMTS-5 guringuntsinsu bai lalace kamar na sauran ba. Sai dai magungunan toshe MMP da aka gwada a kan mutane sun jawo ciwon tsoka da ƙagewar gaɓɓai, har aka haƙura da su. Don haka abin da ke hannunka shi ne rage abubuwan da ke tunzura almakasan: kumburi, nauyi da rauni.

Fara da sanin irin amosanin da ke damunka. In ka tashi da safe gwiwa ta sandare, amma kafin minti 30 ta saki, tana kuma yin ƙara in za ka hau bene, wannan ya fi kama da na sudewa. In kuwa yatsun hannuwa biyu ne suka kumbura, sandarewar ta wuce awa guda, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Wannan na iya zama wanda garkuwar jiki ke yaƙar gaɓa, kuma shi akwai magani irin su methotrexate da ke kashe wutarsa in an fara da wuri a hannun likita.

Sai nauyi. Duk kilo 1 da ka sauke, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo 4 a kowane taku. Kitse kuma ba kaya ba ne kawai, yana fitar da sinadaran kumburi da ke zuga enzayim ɗin, shi ya sa mai ƙiba har yatsunsa kan kamu, alhali ba da su yake tafiya ba. Rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, ka rage malmalar tuwon dare, ka ƙara ganye.

Na gaba shi ne inda mutane suka fi kuskure: kwanciya. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, abincinsa daga ruwan gaɓa yake, kuma sai an motsa yake tsotsa. Zauna a kujera, ka miƙe ƙafa ɗaya sambal, ka ƙirga goma, ka sauke a hankali. Yi sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Tsokar cinya in ta yi ƙarfi, ita ke ɗauke wa gwiwa kaya. Ka haɗa da tafiya a fili mai laushi ko tuƙa keke. In gwiwar ta kwana a kumbure bayan haka, ka yi yawa, gobe sai ka rage.

Batun magani, a guji haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, ƙwaya huɗu ko biyar babu suna. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, wato magungunan kashe kumburi masu ƙarfi da ake kira steroid, ga diclofenac, maganin ciwo mai taɓa ƙoda da jawo gyambon ciki in an daɗe ana sha. Diclofenac na shafawa ya fi sauƙin illa. Allurar steroid a cikin gwiwa ma tana kwantar da ciwo na ɗan lokaci, amma wani bincike na 2017 ya nuna waɗanda aka riƙa yi wa duk wata uku har shekara 2 sun fi waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri rasa guringuntsi.

A gida kuwa, dogon tsuguno ne abokin gaba. In da hali a sa masai na zama, a wanki a yi amfani da kujera 'yar tsuguno mai ɗan tudu. Sandar dogarawa a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gefen ƙafar mai ciwo ba. Ranar da sujada ta gagara, a yi sallah a zaune, shari'a ta ba da wannan sauƙin.