Yadda nake auna wa Baba hawan jini a gida

Idan akwai dattijo mai hawan jini a gidanku, ku nemi na'urar awo wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta wuyan hannu ta fi arha, amma ta fi yawan ba da lambar da ba daidai ba. Ku haɗa da ƙaramin littafi da biro, domin abin da aka rubuta shi likita zai yi aiki da shi.

Mahaifina ya haura shekara 70, ni ke auna masa da safe kafin ya sha magani, sai kuma da daddare. Minti 30 kafin awo babu goro, babu shayi mai kauri. Nan ne muke ɗan kai ruwa rana, don Baba da goro sai Allah. Ya fara yin fitsari, ya zauna a kujera mai majingina minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. A naɗe hannun riga ko a cire babbar rigar gaba ɗaya. Ba magana, ko gaisuwa aka yi sai an gama. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta duka da kwanan wata. A asibiti daga 140/90 ake kira hawan jini, a gida kuwa daga 135/85.

Abin da aka fi mantawa da shi wajen tsofaffi shi ne awo a tsaye. Bayan na zaune, ya miƙe, a jira minti ɗaya a sake aunawa. Idan lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyun da na'urar ke nunawa, ta faɗi da 20 ko fiye, ko yana jin jiri in ya tashi daga sujada ko ya fita fitsarin dare, a gaya wa likita. Faɗuwar tsoho a banɗaki na iya karya masa ƙugu.

Kada wani ya ce muku tsufa ne kawai, ba sai an sha magani ba. Binciken HYVET na 2008 a kan masu shekara 80 zuwa sama ya nuna maganin na rage mace-mace da gazawar zuciya. Wani kuma, CREOLE, da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, an fitar da shi a 2019, ya gano haɗin magungunan hawan jini da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Amlodipine ɗin Baba yake sha. Yakan kumbura idon sawu, lisinopril kuma, wani maganin hawan jinin, kan sa busasshen tari. In an ga haka a koma a canza, kar a daina da kai. Lamba ta sauka ma ba a ajiye magani, shi ne ya saukar da ita.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwa na cikin lissafin. Diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis don ciwon gwiwa suna tayar da jini.

Idan kuka ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya saki, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take, a ɗauki littafin da kwalayen maganinsa.