Yadda za ki rubuta tarihin Kaka don ranar jana'iza

Da Kakarmu ta huta, kawuna ya ce mini, "'Yata, ke ce mai karatu, ki rubuta tarihinta." Kwana huɗu ya rage a yi sujadar jana'iza. Na zauna na rubuta cewa ita mai haƙuri ce, mai tsoron Allah, uwar kowa. Da na karanta wa mahaifiyata, ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai kowace tsohuwa ce." Daga nan na gane aikin.

Ki fara da akwatinta. A can ƙasan zannuwa za ki samu takardar baftisma, shaidar makaranta, takardar kama aiki da ta ritaya. Ki buɗe shafin farko na Littafi Mai Tsarki nata, domin iyayenmu na wancan zamani a nan suke rubuta ranar aure da ranakun haihuwar 'ya'ya. Abin da takarda ta faɗa shi za ki bi, ko da wani babba ya tuna daban. Tamu Kakar a garin Vom na jihar Filato ta koyi aikin jinya, a asibitin da mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) suka kafa a 1922, daga baya ta shiga aikin gwamnati har ta cika shekara 35 ta yi ritaya.

Sai ki je wurin waɗanda suka yi aikin dare tare da ita. Nan ne ya kamata ki daɗe. Kada ki tambaye su yaya halinta, za su ce miki mutuniyar kirki ce, shi ke nan. Ki ce, "Mama, wane dare ne ba za ki manta ba?" Wata tsohuwar ungozoma ta ba ni labarin daren da wuta ta ɗauke a ɗakin haihuwa, Kaka ta danne tocila da haƙora ta karɓi tagwaye. Ta kuma ce Kaka ba ta taɓa yi wa yaro allura ba sai ta fara tambayar sunansa. Wannan jimla ɗaya ta fi dukan yabon da na rubuta da farko. Sai dai ki kiyaye, sunan majinyaci ba ya shiga takarda, amana ce da ita kanta ta riƙe har ƙarshe.

Ki ga shugabar Zumuntar Mata da fasto. Su za su gaya miki muƙamin da ta riƙe a ikilisiya, waƙar da take yawan tayarwa, da ayar da take so. Jikoki kuma kowa ya kawo abu ɗaya, ko da kunun gyaɗarta ne na safiyar Lahadi.

Wajen jera waɗanda ta bari, ki ƙirga tare da babbar 'yarta, sau biyu. Ki sa har da waɗanda ta riƙa a gidanta. Mantuwa da suna ɗaya na iya jawo ɓacin rai na shekaru.

Ki karanta da ƙarfi a tsakar gida, ki duba agogo. In ya wuce minti biyar, ki rage yabo, ki bar labarai. Kafin mai ɗab'i ya buga, ki duba ɗ da ƙ da ɓ da idonki, musamman a sunaye. Hoton bangon littafin jana'izar kuwa, mu wanda take sanye da farar rigar aiki da agogo a ƙirji muka zaɓa, na zanen zumunta muka sa a shafin baya.