Yadda za a ceto tsohuwar hanyar fatake kafin garma ta cinye ta

A ƙasar Gumel akwai hanyoyin da suka girmi kwalta, suka girmi layin dogo. Ta kansu ayarin jakuna da takarkarai suke sauko da kanwa zuwa Kano, su koma da tufafi da goro. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma rubuta cewa babbar kasuwar kanwa ce. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930, motoci suka biyo baya, sai fataucin ƙafa ya yi ta ja da baya har ya mutu. Abin da ya rage na hanyoyin yanzu, kowace damina sai maƙwabtan gona sun ƙara kunya ɗaya a ciki. Ni malamin firamare ne, kuma abin da zan faɗa shi ne yadda muka yi da ɓangaren da ya ratsa ta gefen ƙauyenmu.

Ka fara da tsofaffi, kada ka fara da siminti. Amma fa in ka ce wa dattijo "Baba, ba mu tarihi," labarin sarakuna zai ba ka. Tambaye shi abin da ido ke gani: "Baba, a wace rijiya jakunan fatake ke sha? Gindin wace bishiya madugu ke sauka? In sun tashi daga zango, kuka suke bari a dama ko a hagu?" Nan za ka ga ya gyara zama. Yawancinsu ba su ga ayarin da idonsu ba, daga bakin iyayensu suka ji, saboda haka ka tambayi mutum uku ko huɗu, kowa shi kaɗai, ka ga inda maganarsu ta zo ɗaya. Kada ka tsallake tsofaffin mata. Wata iya a unguwarmu ita ta nuna mana ainihin wurin zangon, don kakarta can take kai tallan fura, alhali maza suna ta nuna wani wuri daban. Ka je wurin arɗo ma, domin sau da yawa burtalin shanu kan tsohuwar hanyar ya hau, kuma Fulani sun riƙe ta da ƙafa lokacin da mu muka manta.

Tafiyar gani da ido a yi ta bayan an kwashe amfanin gona an sare kara. Ku fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata, don a lokacin ne inuwa ke fito da ɗan kwarin da kofato ya ci shekara da shekaru. Da tsakar rana ba za ka ga komai ba sai fili. Wurinmu kwarin bai wuce idon sawu ba a wasu wuraren, amma ga shi nan ya miƙe sak, ciyawarsa ta fi ta gefe duhu saboda ruwa na kwanciya ciki. Ka lura da tsamiya da kuka da suka jeru, da rijiyar da ta rufta, da kufai, da tsingaro da ke warwatse a ƙasa. Sunayen wurare ma shaida ne: duk inda ka ji Zango ko Mashaya, tsaya ka yi tambaya. Tsingaron kuwa ka ɗauki hotonsa ka bar shi inda yake, kada a haƙa. A kowane wuri ka buɗe taswirar waya ka ajiye lambobin wurin, ka kuma kwafe su a littafi da biro, don waya tana ɓata.

Sai babban aikin, wato mutane. Da zarar manomi ya ga baƙin fuska da littafi a gefen gonarsa, abin da zai zo masa shi ne za a ƙwace masa fili. Saboda haka tun kafin a taka gonar kowa a je wa mai unguwa, shi ya kai ku ga dagaci, in hanyar ta ratsa gari fiye da ɗaya a sanar da hakimi. Abin da muka ce wa namu dagacin bai da tsawo: "Ranka ya daɗe, ba gonar kowa muka zo karɓa ba. Abin da ya rage muke so ya tsaya inda yake." Kuma a cika wannan maganar. Inda noma ya riga ya shafe hanyar, kada a tada tsohon zance, a roƙi mai gona ya yarda a kafa alama ɗaya a kan iyaka. Inda take raye, a zauna da masu gonakin ɓangarorin biyu da makiyaya, a auna faɗinta da igiya a gaban kowa, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ni a ganina taki ɗari da aka yarda da shi ya fi kilomita biyar da aka kafa wa alama bisa dole, don alamar dole ba ta ganin damina biyu.

A Amurka an yi irin wannan aikin, kuma akwai abin koyi. Hanyar Oregon, wadda ta kai kusan kilomita 3,500, ta kanta masu ƙaura suka bi da kekunan shanu zuwa yamma. Wani mai suna Ezra Meeker ya bi ta a 1852, sannan a 1906, yana da shekara sama da 70, ya sake bin ta da keken shanu, gari gari yana roƙon mutane su kafa duwatsun tunawa. Sai a 1978 gwamnati ta sa ta cikin jerin hanyoyin tarihi na ƙasa. Kusa da Guernsey a jihar Wyoming har yau ana ganin inda ƙafafun kekunan suka ci dutse. Tamu hanyar a kan rairayi take, ba ta da wannan gatan, shi ya sa alama ta fi zama dole a wurinmu. Kuma ka lura, tsoho ɗaya ne ya fara, hukuma daga baya ta zo.

Alamar kada a yi ta da ƙarfe, masu sayen gwangwan za su tumɓuke ta. Katako kuma gara ce za ta ci. A zuba gajeren ginshiƙin siminti, tsayin gwiwa a sama, kusan haka a cikin ƙasa, a zana rubutun tun yana ɗanye, da boko da ajami: sunan hanyar, inda ta fito, inda ta nufa. A kafa a mararraba, bakin rijiya, zango, da duk inda hanyar ta karya kwana. Tsakanin ginshiƙai a yi alama mai rai: a dasa dashi ko bini-da-zugu a gefe, a jera gamba inda ruwa ke zaizaya, a sa kuka ko tsamiya a zango a kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Dashen bishiya a bari sai ruwa ya zauna.

Abu guda da nake so a riƙe da ƙarfi: inda ba a tabbatar ba, a rubuta "ana kyautata zato". Kada son gari ya sa a ja hanyar ta bi ta ƙofar gidan wani babba. Yaran da za su karanta ginshiƙin nan gaba ba su da wanda za su tambaya.

Muryoyin tsofaffin da aka naɗa lokacin tambaya da littafin lambobi a yi musu kwafi: ɗaya wurin dagaci, ɗaya a makaranta, ɗaya a kai wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama a Kano. Kowace shekara kafin sharar gona, a fita da 'yan aji biyar da shida a bi hanyar da ƙafa, su share gindin ginshiƙai, su ƙirga wanda ya karye, a maye dashen da ya mutu. A kuma gaya wa masu tarakta da masu ɗibar ƙasar bulo iyakar tun kafin su fara aiki, domin ɓarnar da suke yi a wuni ɗaya ta fi ta garmar shanu a shekara goma.