Yadda nake zuba kuza a bakin akushi

Kuzar da nake amfani da ita gauraye ce da ɗan jan ƙarfe, tana narkewa wajen digiri 230, garwashi ma ya isa. Mai dalma kam ban yarda da ita ba, tuwo za a ci a ciki.

Ka samo akushin busasshiyar kirya ko maɗaci. In da danshi, ƙarfen zai yi tartsatsi ya ƙona ka. Shi ya sa nan Maradi nake jiran hunturu. Ɗora akushin a injin da ke juya itace ana sassaƙa, ka yanka rami zagaye da bakinsa, ƙasan ramin ya fi samansa faɗi. Nan aikin yake, don haka kuzar ke kamawa ba ta fita. Sauke shi, ajiye daidai, zuba a hankali har ta ɗan tumbatsa. In ta huce, mayar inji, ka aske, ka goge.