Matakan Kare Kunne Daga Ƙarar Inji a Wurin Haƙar Ma'adinai

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa farar ƙasa a Ƙanƙara, ko injin fasa dutse a bayan garin Katsina, ya san irin ƙarar da ma'aikata ke wuni a cikinta. Ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tana lalata ji idan ana shafe awa 8 a cikinta kullum, kuma abin takaicin shi ne jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Da farko ka gwada wurin: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke taku ɗaya daga gare ka ya ji maganarka, ƙarar ta kai matakin haɗari.

Daga nan ka koma kan injin. Ka kashe shi, ka ɗaure notunan da suka kwance, ka sa giris inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ka gyara salansar janareto, sannan ka matsar da shi nesa da inda ake aiki.

Sai soson toshe kunne, wanda a nan ne aka fi kuskure. Da hannu mai tsabta ka murza shi har ya zama siriri, ka zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura soson ciki, ka riƙe shi da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Auduga ba ta maye gurbinsa. Idan kunnenka na ƙugi bayan an tashi, ka je asibiti a auna jinka.